Ɗaukar Hoto ta Cikin Madubin Likita a Gaɓar Tafkin Kainji: Inda Aibi Yake Fitowa da Yadda Ake Gano Shi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi wani ɗan fanni ne na aikin bincike wanda ba a cika tsayawa a yi magana a kansa ba a tarurruka irin wannan, watau ɗaukar hoton abin da aka gani a cikin madubin likita. Abin da ake nufi da madubin likita shi ne na'urar nan mai girmama ƙananan abubuwa waɗanda ido ba ya iya gani, wadda ake samu a ɗakunan gwaji na asibitoci da makarantu. Kusan duk wanda ya taɓa gwada wannan aiki ya san ɓacin ran da ke cikinsa. Mutum ya leƙa ya ga abu garau, ya ɗauki hoto, sai hoton ya fito dishi-dishi, ko ya yi ja, ko gefensa ya yi duhu. Nan da nan sai a ɗora wa kyamara laifi. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kyamara ita ce ta ƙarshe da ya kamata a tuhuma. Galibin aibin yana faruwa ne tun haske bai iso gare ta ba, saboda haka mai neman gyara sai ya fara daga abin da aka ɗora a kan gilashi, ya bi ta fitila da idanun madubin, kafin ya zo kan kyamara.

Na zaɓi in kafa misalaina a ƙasar Yauri, watau Yauri da Ngaski da Shanga ta Jihar Kebbi, domin dalilai biyu. Na farko, tun da aka datse Kogin Kwara a Kainji a 1968, tafkin da ya taru, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300, ya zama wurin bincike. An tayar da mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu aka sake musu matsuguni, kuma a shekarar ce aka kafa shirin binciken tafkin a Sabuwar Bussa da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Shirin ya zama Cibiyar Binciken Tafkin Kainji a 1975, sa'an nan a 1987 ya koma cibiyar ƙasa ta binciken kifin ruwan daɗi. Na biyu, gaɓar tafkin ta haɗa duk abubuwan da ke wahalar da madubin likita: ƙurar hunturu, da danshin damina, da zafin bazara, da rashin tsayayyar wutar lantarki.

2.0 Abin da ake bukata hoto ya nuna

Kafin a ce hoto ya yi kyau ko ya ɓaci, dole a san shaidar da ake so ya bayar. Mu ɗauki tsargiya, ciwon nan da ke sa fitsarin jini, wanda sananne ne a tsakanin yara da masunta na gaɓar tafkin. Tsutsar da ke kawo shi wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851. Tana bin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, kuma irin wannan ruwa ne madatsa take haifarwa a lungunan gaɓa. Ba a ganin tsutsar a jikin mai rai, ƙwanta ake nema. Ƙwan Schistosoma haematobium, wanda ake samu a fitsari, tsawonsa maikiromita 110 zuwa 170 ne, faɗinsa 40 zuwa 70, yana da 'yar ƙaya a can ƙarshensa. Maikiromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙwan Schistosoma mansoni, wanda ake samu a bayan gida, girmansa ya yi kusa da na farkon, amma tasa ƙayar a gefe take.

Ke nan abu biyu ake nema a hoton, ƙaya da tsawo. Hoton da bai nuna inda ƙaya take ba, kuma ba shi da ma'auni, ko ya kai ina wajen kyau, ado ne kawai. Batun tsawo ma ya ƙara muhimmanci tun 2009, lokacin da aka ba da rahoton cewa a arewacin Sanagal an sami tsutsar mutane ta yi barbara da ta shanu, Schistosoma bovis, wadda ƙwanta ya fi tsawo kuma ya fi tsukewa a kai da gindi. A wurin da shanun makiyaya suke sauka cin burgu sa'ad da ruwa ya janye, mutane kuma suke wanka da wanki da kamun kifi a ruwa ɗaya, mai bincike ba zai so ya rasa awon ƙwan da ya gani ba. Ga shi kuma da ƙidayar ƙwai ake yanke shawarar magani. Ƙwai 50 ko fiye a cikin mililita 10 na fitsari shi ne ake ƙirgawa kamu mai tsanani, kuma da yawan waɗanda aka samu da ciwon a gari ake sanin sau nawa za a raba firazikwantel. Hoto shi ne abin da malami a Sakkwato ko Zariya zai duba ya tabbatar cewa abin da ma'aikaci ya ƙirga a Wara ko Yelwa ƙwai ne, ba kumfa ko gishirin fitsari ko ƙwayar furen tsiro ba.

3.0 Aibin da ke kan gilashi

A ganina fiye da kowane wuri, a nan hotuna suke mutuwa. Fitsarin da za a gwada ana karɓarsa ne tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai ya fi fita. Idan aka tsarma shi da ruwan daɗi, ko aka wanke kwalba ba a bar ta ta bushe ba, ƙwan yana iya ƙyanƙyashewa, sai a tarar da ɓawo fasasshe babu komai a ciki. Ɗigon fomalin yana hana wannan. Idan an tace fitsarin, ɗigon ruwan aidin a kan matacin yana rina ƙwan ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, hoto ya same shi da sauƙi. Amma a yi hanzari, domin a watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafi yake haura digiri 40 a Yelwa, ɗigon da ke ƙarƙashin murfin gilashi yana bushewa cikin 'yan mintoci. Da ya fara bushewa sai ruwa ya riƙa ja zuwa gefe, duk abin da ke ciki ya kama tafiya. Mai ɗaukar hoto ya ga dishi-dishi ya zaci hannunsa ne ya motsa. Shafa ɗan man basilin a kewayen murfin yana tsayar da wannan tafiya.

Gwajin bayan gida ta hanyar Kato-Katz yana da nasa lokacin. Ƙwan tsargiya yana daɗewa a kan gilashin, amma na tsutsa mai ƙugiya yana dushewa ya ɓace cikin minti 30 zuwa 60. Wanda ya jira sai ya gama ƙidaya duka kafin ya ɗauko kyamara, ya makara.

Shi kansa murfin gilashi sashe ne na madubin, ko da yake mutane da yawa ba su ɗauke shi haka ba. A jikin idon ƙasa, watau gilashin da ke fuskantar abin da ake dubawa, an rubuta 0.17. Wannan shi ne kaurin murfin da aka ƙera idon domin sa, a milimita. Idan murfi biyu suka manne aka ɗora su tare, abin da ke yawan faruwa da damina, ko aka zuba ruwa da yawa har murfin yana iyo, ido mai girmamawa sau 40 zai ba da hoto mai hazo wanda babu murɗa saiti da zai gyara. Haka kuma idan an ga abu sosai da ido na 10, aka juya zuwa na 40 ko na 100 aka kasa kamo shi, to a duba, mai yiwuwa an kife gilashin ne.

Akwai kuma abin da ba aibi ba ne, iyaka ce ta halitta. Zurfin abin da ido na 40 yake iya nunawa sosai a lokaci ɗaya bai wuce maikiromita 1 zuwa 2 ba, alhali kaurin ƙwan ya kai 50. Idon mutum ba ya lura da wannan, domin hannu yana ta murɗa saiti sama da ƙasa, ƙwaƙwalwa tana haɗa abin da ta gani. Kyamara kuwa yanki ɗaya take kamawa. Saboda haka sai a zaɓa: ko a saita a kan ƙaya a bar sauran, ko a koma ido na 10 wanda zurfinsa ya fi, ko a ɗauki hotuna da yawa a zurfi dabam-dabam a haɗa su a kwamfuta.

Masu nazarin abincin kifi suna da tasu matsalar. Ƙananan halittun ruwa waɗanda warangi yake ci ba sa tsayawa wuri ɗaya, kuma jikinsu kamar ruwa yake. Ɗan ruwan soda a cikin samfurin yana sumar da su ba tare da sun murɗe ba. Lokacin farin ruwa, daga Agusta zuwa Oktoba, laka tana cika samfuri ta rufe komai, sai an sake tacewa an ɗauraye. Lokacin baƙin ruwa, wanda ke isowa daga can sama wajen Disamba bayan lakarsa ta kwanta a hanya, aikin ya fi sauƙi.

4.0 Haske

A 1877 Robert Koch ya buga hotunan ƙwayoyin cuta na farko da aka ɗauka ta madubin likita, kuma tun a wancan zamani babbar wahalar ita ce samun haske mai shimfiɗuwa daidai. Ido yana yafe wa fili mai haske a gefe ɗaya da duhu a ɗaya gefen, amma hoto ba ya yafewa. August Köhler, wani Bajamushe, shi ya warware wannan a 1893, kuma har yau hanyarsa ake bi. Ya kamata in tsaya a kanta, domin na sha tarar da madubi mai tsada ana aiki da shi shekara da shekaru ba a taɓa daidaita haskensa ba.

A ƙarƙashin dandamalin da ake ɗora gilashi akwai matattarar haske. Akwai kuma ƙofofi biyu masu tsukewa da buɗewa, ɗaya a ƙasa wajen fitila, wadda za mu kira ƙofar fili, ɗaya a jikin matattarar, wadda za mu kira ƙofar matattara. Da farko sai a saita abin da ake dubawa da ido na 10 har ya fito sosai. Sa'an nan a tsuke ƙofar fili, za a ga wani ɗan da'irar haske. A ɗaga matattarar ko a sauke ta har bakin da'irar ya fito da kaifi. A kawo shi tsakiya da sukurori biyun da ke riƙe da matattarar, sa'an nan a buɗe ƙofar har bakinta ya fita daga gani, a tsaya nan. Daga nan sai a zare idon sama, watau gilashin da ake leƙawa, a duba cikin bututun, a daidaita ƙofar matattara har haske ya cika kashi biyu cikin uku, ko uku cikin huɗu, na da'irar da ake gani. A mayar da idon. Duk wannan ba ya cin minti biyu, kuma ana sake shi duk lokacin da aka canja idon ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a mayar da ƙofar matattara abin rage haske. Haske ya yi wa mutum yawa, sai ya tsuke ta, ko ya sauke matattarar can ƙasa. Lalle haske zai ragu, abu kuma zai yi kamar ya ƙara fitowa, amma an yi asara. Kowane abu zai sami zobe a kewayensa, kowace ƙura da ke kan gilasai za ta bayyana, ƙananan siffofi kuma su haɗe. Ƙayar ƙwai tana iya nutsewa cikin irin wannan zoben. Idan kuma an wangale ƙofar gaba ɗaya, ƙwan da ba a rina ba sai ya narke cikin haske. Don haka alama biyu ce: zobe da yawan ƙura na nufin an tsuke da yawa, fari fat babu siffa na nufin an buɗe da yawa.

Ba kowane madubi ke da ƙofar fili ba. Ƙananan da ake fita da su ƙauye sau da yawa ba su da ita, tsofaffin kuma madubin fuska ne kawai a ƙasansu mai karkato hasken waje. A irin waɗannan sai a bar matattarar kusa da can sama, a yi amfani da shimfiɗaɗɗen gefen madubin, a fuskantar da shi ga farin gajimare ko farin bango. Kada a kuskura a fuskantar da shi ga rana, domin yana iya ƙona ido.

Sai batun launi. Ƙwan fitila irin na da mai zare, idan yana ci sosai, haskensa ya fi na rana ja, kuma duk yadda aka rage masa wuta haka yake ƙara ja. Abin mamaki, ko da yake tafkin an tara shi ne domin lantarki, ba kowane ƙauyen gaɓa ke da wuta ba, sau da yawa da janareta ake aiki. Ƙarfin wutar janareta yana hawa yana sauka, saboda haka hotuna biyu na gilashi ɗaya suna iya fitowa da launi biyu. A wajen ƙwan tsargiya wannan ba babbar asara ba ce. A wajen ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa asara ce, domin ana gane ta ne da jan ɗigo da shuɗin jiki bayan an rina jini da rinin Giemsa. Maganin shi ne a bar fitila a kan ƙarfinta, a sa shuɗin matacin haske, in haske ya yi yawa a rage shi da mataci mai ruwan toka. Amma kafin a zargi fitila a duba ruwan da aka haɗa rinin da shi. Ana son awon tsaminsa ya tsaya a 7.2. Ruwan rijiya ko na tafki da ba a gyara ba yana sa jini ya fito ja da yawa ko shuɗi da yawa, kuma wannan babu matacin da zai mayar da shi daidai. Fitilar zamani mai aiki da batir ta rage yawancin wannan wahala, tun da launinta ba ya canjawa sosai, batirin kuma ana iya cika shi da hasken rana. Ita ma tana da halinta: wasu idan an rage su ƙyaftawa suke yi da saurin da ido ba ya gani, sai hoto ya fito da ratsi-ratsi. A ƙara mata ƙarfi, ratsin ya tafi.

5.0 Idanun madubi: ƙura, mai da funfuna

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu yadda za a yi a hana ƙura shiga. Abin koyo shi ne gane inda take ba tare da an kwance komai ba. A matsa gilashin samfuri: in ɗigon ya bi shi, a kansa yake. A juya idon sama a cikin bututunsa: in ɗigon ya zagaya, a jikin idon yake. A ɗaga matattara a sauke: in ɗigon ya fito ya dushe, yana ƙasa, a kan matattarar ko mataci ko murfin fitila. In kuwa duk an yi wannan ɗigon yana nan wuri ɗaya a kowane hoto, ko da an juya kyamara, to a cikin kyamarar yake. Dattin da ke kan idon ƙasa ba ya fitowa ɗigo, hazo yake sa wa fili duka.

Wannan hazo, goma sau tara, mai ne. Ido na 100 ana ɗiga masa mai na musamman tsakaninsa da gilashi. Idan an gama aka juya baya ta kan ido na 40, wanda shi ma yana kusa da gilashin ƙwarai, sai ya shafo man. Ya bushe, ƙurar hunturu ta manne, daga ranar duk hoton da aka ɗauka da shi kamar an ɗauka cikin hazo. A kwance idon, a juya idon sama a yi amfani da shi kamar tabarau a duba bakinsa, za a ga man. Ana fara hure ƙura da 'yar robar hura iska, sa'an nan a share da takardar goge gilashi da ɗan ruwan gogewa. Ƙurar hunturu tana da yashi a ciki, wanda ya goge ta a bushe da bakin riga ya karce idon har abada.

Da damina kuma funfuna ce. Tana tsiro a cikin gilasai kamar saƙar gizo, in ta daɗe ta ci fuskar gilashin. A bakin ruwa kamar Yelwa ko tsibirin Foge, rufe madubi cikin leda ko akwatinsa ba tare da abin shan danshi ba gayyatar funfuna ne. Ko dai a ajiye shi cikin akwati mai rufuwa gam tare da ƙwayoyin silika waɗanda ake gasawa lokaci-lokaci, ko cikin kabad mai 'yar fitila da ke ɗumama shi.

Wani aibin kuma na gado ne. Yawancin ɗakunan gwajinmu sun tara madubai daga kyauta da saye na zamani dabam-dabam, in ido ya lalace sai a ciro na wani a ɗaura. Zaren sukurin yana iya shiga, amma lissafin bai shiga ba. Tsofaffin idanu da yawa an rubuta musu 160, watau tsawon bututu a milimita, wasu na Leitz 170, na zamani kuma suna da alama mai kama da 8 a kwance. Bayan haka tsofaffin idanun ƙasa na Zeiss da Leitz da Olympus an ƙera su ne su bar wani saura na gyaran launi ga idon sama na kamfaninsu. In an gauraya, sai a ga baki-baki na shuɗi da ja a jikin abubuwan da ke gefen fili. Idan kuma tsakiyar hoto ta fito gefe ya dushe, ba lalacewa ba ce, ido ne mai arha wanda filinsa a lanƙwashe yake. Sai a kawo abin da ake so tsakiya.

A nan ya kamata a ambaci wata lamba da ke jikin idon ƙasa kusa da ta girmamawa: 0.25 a ido na 10, 0.65 a na 40, 1.25 a na 100. Ita ce ke nuna iyakar ƙanƙantar abin da idon zai iya rarrabewa, bisa ƙa'idar da Ernst Abbe ya bayyana a 1873. Girmamawa mai amfani ba ta wuce wannan lamba sau 1,000. Ido na 40 ke nan iyakarsa 650. Duk abin da aka ƙara bayan haka, ko da idon sama mai ƙarfi ko da jan hoto da yatsu a fuskar waya, kumburi ne kawai, ba ya ƙara komai.

6.0 Saiti, girgiza da kyamara

Idon mutum, musamman na matashi, yana gyara saiti da kansa ba tare da mai shi ya sani ba. Shi ya sa abu yake fitowa a ido ya ƙi fitowa a hoto, kuma abin ya fi muni a ƙaramar girmamawa, saɓanin yadda ake zato. Zamanin fim ana magance wannan da wasu layuka a cikin idon sama, a fara saita su kafin a saita samfurin. Yanzu da ake ganin hoton a fuskar kyamara ko waya, sai a saita da abin da fuskar ta nuna, a bar abin da ido ya gani.

Girgiza tana da alamarta: komai ya ja zuwa gefe ɗaya, ko ya fito biyu-biyu, kuma babu wuri ko ɗaya a hoton da ya fito sosai. Na taɓa ƙarar da fim guda mai hoto 36 a wani ƙauyen gaɓa, sai da na koma gari aka wanke na ga babu ko ɗaya mai amfani. Janareta ne aka ajiye a kan dakalin da ya haɗu da daɓen ɗakin, ni kuwa ban ji komai a ƙafata ba. Abin da ya girmama ƙwai sau 400 ya girmama girgizar ma sau 400. A nisantar da janareta, a ɗora madubi a tebur mai nauyi da roba a ƙarƙashinsa, a sa kyamara ta jira daƙiƙa biyu ko uku bayan an danna kafin ta ɗauka.

Game da fim ba zan daɗe ba, tun da ya zama tarihi, har Kodachrome an daina yin sa a 2009. Masu riƙe da tsofaffin hotunan binciken tafkin dai su san cewa zafi yana canja launin fim tun kafin a ɗauka, doguwar buɗewa kuma tana ƙara karkatar da shi, saboda haka kada a dogara da launin da ke cikinsu. Aibi ɗaya ya tsallako daga fim zuwa kyamarar yau: ma'aunin haske yana ɗaukar farin fili a kan haske ya yi yawa, sai ya rage, hoto ya fito toka-toka. A ƙara masa haske da hannu har filin ya yi fari.

Yau wayar hannu ita ce kyamarar ma'aikacin ƙauye, kuma ba abin rainawa ba ce. A Kamaru an yi amfani da waya da aka haɗa da ƙaramin madubi aka ƙirga tsutsar Loa loa a jinin dubban mutane, aka buga sakamakon a 2017. Sirrinta ɗaya ne. A saman idon sama akwai wurin da haske yake tsukewa ya zama ɗan ɗigo, ana iya ganin sa in an riƙe farar takarda a sama ana ɗagawa ana saukewa. Dole idon wayar ya zauna daidai a wannan ɗigo. In ya yi kusa ko nisa, da'irar hoto ta ƙanƙance. In ya karkace, rabin fili ya yi duhu. Hannu ba ya iya riƙe wannan, sai da mariƙi, ko na saye ko wanda kafinta ya sassaƙa. A kulle saitin wayar da haskenta domin kada ta riƙa kokawa da saitin madubi, a kashe walƙiyarta. Wayoyi masu ido biyu ko uku a baya suna sauya ido da kansu, sai fuska ta yi baƙi ƙirin, mutum ya zaci madubi ne ya mutu. Sa'an nan hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ana matse shi a hanya, ƙananan siffofi su lalace. A tura shi a matsayin fayil.

Saura ma'auni. Rubuta "sau 400" a ƙarƙashin hoto ba ya nufin komai, domin da zarar an buga shi a takarda ko an haska shi a bango girmansa ya canja. Akwai gilashin awo wanda aka zana wa milimita ɗaya aka raba ta gida 100, kowane gida maikiromita 10. A ɗauki hotonsa da kowane idon ƙasa, da wayar nan, da mariƙin nan, ba tare da an ja hoton ba, sa'an nan a yi amfani da shi a zana ɗan layin awo a cikin kowane hoto. Layin yana girma yana ƙanƙancewa tare da ƙwan. In an canja waya ko idon sama, sai a sake awon. A littafin aiki kuma a rubuta lambar samfuri, da gari, da rana, da idon da aka yi amfani da shi, da irin rinin. Sunan mai fitsarin ko mai jinin ba ya shiga hoto, ba ya shiga sunan fayil, yana zama a rajistar da ke hannun mai kula da gwajin.